Burga da Masu Ita a Tabarmar Karta

Akwai ƙaryar da ba a kai mutum gaban mai unguwa saboda ita. Ido da ido za a shirga maka ita, a gaban shaidu biyar ko shida, daga baya ta fito fili, amma maimakon a ce a zo a rantse sai kowa ya bushe da dariya, kuma kai da aka yi wa ita kai ne za ka sha tsiya har a tashi. Wannan ita ce burgar tabarmar karta.

A Nasarawan Doya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Makarfi, kakar wannan sana'a tana kamawa ne idan masara da dawa sun shiga rumbu, hunturu ya fara busawa, motoci sun fara lodin rake. Da rana kowa yana gona ko kasuwa. Bayan isha'i sai a ja tabarma kusa da teburin mai shayi, a jingina fitilar sola jikin bulo, wani ya laluba aljihu ya zaro kwalin karta ɗaure da roba. Haka ake yi a Gimi da Gazara, haka a Hunkuyi, haka a Ikara, kuma duk inda ka je mutanen tabarmar su ne dai su. Sunaye ne kawai suke canzawa.

Tsohuwar karta mai kubi da zi tana nan, amma wadda ta mamaye majalisu ita ce wot. Wani Bature mutumin garin Southend na ƙasar Ingila, William Henry Storey, shi ya ƙirƙiro ta, ya yi mata rajista a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓe ta. A can garinsu an kusa mantawa da ita. A Najeriya ta yi aure ta hayayyafa. Kati 54 ne masu siffa biyar, bol da angul da kuros da kafet da sita, har da 'yan gata guda biyar masu lamba 20, waɗanda su ne wot ɗin. A raba wa kowa nasa, a kife sauran a tsakiya, shi ne kasuwa. Kana bin katin da ke ƙasa da siffarsa ko da lambarsa; in ba ka da ko ɗaya ka tafi kasuwa, wato ka ɗauki ɗaya ka ƙara wa kanka kaya. Wanda ya saki 2, na gaba da shi zai ɗauki biyu. 5, ya ɗauki uku. 8, a tsallake shi. 1, a dakata mai ita ya sake sawa. 14, janar maket, kowa ya je kasuwa ban da mai ita. Mai 20 kuwa siffar da ya kira ita za a bi. In katinka ya rage ɗaya dole ka ce "las kad" kowa ya ji, in ka sauke shi ka ce "cek of". Sauran a ƙirga abin da ya rage musu, sita ana ninka lambarta, wanda ya fi nauyi ya tashi ya ba wani wuri.

Ka lura, babu inda wannan doka ta ce a yi burga. Akwai wasannin da ƙarya ce ginshiƙinsu: a Ingila suna da wanda ake kife kati a faɗi abin da aka ga dama, wanda bai yarda ba ya ce a buɗe, a Rasha ma akwai irinsa, foka ta Amurka kuwa ba ta yiwuwa sai da cika baki. Wot ba haka aka gina ta ba. Mutane ne suka taho da burgarsu daga gida suka zuba mata.

Wanda za ka fara ji tun kafin ka gan shi shi ne Sarkin Burga. Ba ya ajiye kati, dukan tabarma yake yi da shi har ƙura ta tashi. Da an raba zai buɗe nasa ya ƙyalƙyale da dariya, ya dubi na kusa da shi da tausayi ya ce, "Abokina, da ka haƙura ka je ka kwanta, yau ba ranarka ba ce." In ya ga kana jujjuya wani kati, ya san 2 ce, sai ya ɗaga ɗaya daga cikin nasa har saitin kunne: "Sa ta. Don Allah sa ta. Ni nake roƙonka." So yake ka ɗauka yana da tasa 2 da zai tare da ita, kayan su zagayo kanka. Abin da ke hannunsa kuwa bol 13 ce da kafet 11 da angul 12, tarkacen da ko kyauta ba mai so. Yana da wata dabara ta rantsuwa: zai fara da "Na rantse da...", sai tari ya sarƙe shi, ya nemi ruwa, kafin ya gama sha an wuce wurin. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin ƙarshen rantsuwar nan.

Matsalarsa ɗaya ce, garin ƙarami ne. Na damansa tare suka yi makarantar allo, na hagunsa ƙanin matarsa ne, na gabansa kuma ya san buhun taki nawa ake bin sa. Mutumin da ya san ka tun kana yawo ba wando ba zai ji tsoron katin da ka ɗaga sama ba. Sai a sa masa 2 ɗin. Ya sauke hannu a hankali, ya miƙa kasuwa ya ɗauki biyu, ya ce, "Na bar ka ne don kada a ce na fiye mugunta." Gobe ma haka. Amma ranar da bai zo ba wasan ba ya daɗi, har a tura yaro ya dubo ko lafiya.

Maƙaryaci na ainihi yana can gefe, ya tanƙwashe ƙafa, hularsa daidai. Shi ne Malam Shiru. Galibi tela ne ko malamin firamare, irin mutumin da ake ba ajiyar kuɗin adashi ba a ƙirga ba. Katinsa a dunƙule yake cikin tafin hannu, ba za ka san ko uku ne ko bakwai ba. Gem tara zai buga tsakani da Allah: in ya kira kuros, kuros gare shi; in ya je kasuwa, ba shi da abin bi ne. Kowa ya saba da haka. A na goma, kati biyu sun rage masa, ya ajiye 20 a hankali, ya ce "las kad", ya ce a ba shi kuros. Nan da nan tabarma ta rikice. Na gaba da shi ya sa kuros don dole, na bayansa ya ƙona katin da yake ta tattali don dai ya juya wasan zuwa angul, yana huci, yana jin ya ceci jama'a. Malam Shiru ya ajiye angul 3, ya ce "cek of" da muryar da yake amsa sallama, ya ɗauki kofin shayinsa. Wata rana ma yana da abin bi, amma ya yi ajiyar zuciya ya tafi kasuwa, don a ɗauka ba shi da kafet, a yi ta turo masa kafet.

Masana lissafi sun daɗe da sanin Malam Shiru, ko da yake ba su taɓa zuwa Makarfi ba. John von Neumann, haifaffen ƙasar Hangari da ya koma Amurka, shi da Oskar Morgenstern sun fitar da littafi a 1944 kan lissafin wasanni da tattalin arziki, kuma sun ware wani sashe a ciki kan foka da burga. Abin da lissafin ya nuna shi ne, wanda ba ya burga sam za a karance shi, wanda kuma kullum cikin burga yake ba mai saye. Riba tana wurin mai yin ta jefi-jefi, lokacin da ba a zata ba. Sun kuma nuna fuska biyu gare ta: ka nuna ƙarfi kana da rauni, ko ka nuna rauni kana da ƙarfi. Wato ƙaryar karta da jarin gaskiya ake yin ta. Sarkin Burga ya cinye nasa jarin tun yana saurayi. Malam Shiru kuwa irin adashin da yake riƙe wa mutane yake yi, kullum zubi, sau ɗaya yake kwasa.

Fuska ta biyun nan, ta nuna rauni, akwai wanda ya mai da ita sana'a. Mai Kuka ke nan. Tun ana rabawa yake farawa: "Wa ya raba wannan? Kai, ka ji tsoron Allah. Wannan kati ne ko hukunci?" Ya dafe kai, ya ce shi dama tun safe ya san yau ba sa'a, akuyarsa ma ta ɓata. Ka leƙa hannunsa, wot uku ne a jere da 14. Yana kuka yana sauke kaya, yana kuka ya ce las kad, yana kuka ya cinye, sannan ya ce, "Ikon Allah, ni ma ban san yadda aka yi ba." Wanda ya fi cutuwa shi ne wani bawan Allah a gefensa, wanda da gaske katin ba ya zo masa, hannunsa ya cika har sai ya haɗa da haɓa yake riƙewa, amma in ya yi ƙorafi ba mai yarda.

Sai wanda kowa ke ƙauna, Malam Fuska-ta-faɗa. Allah bai hore masa ɓoyo ba. In ya ɗauko 20 daga kasuwa zai yi ƙoƙarin ɗaure fuska, amma kunnuwansa sai sun motsa. Ya mai da katin can ƙarshe, ya riƙa shafa shi da babban yatsa, ya riƙa leƙawa ko yana nan. In tarkace ya ɗauko, kafaɗunsa ne za su faɗi. Wata rana zai yanke shawarar shi ma yau sai ya yi burga: ya kira sita alhali ba shi da ita, dariya ta ƙwace masa tun kafin na gaba ya taɓa kati, ya rufe baki da hannu, ya tambaya, "Kun gane ne?" Mun gane, Malam. A 2019 masana a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tare da kamfanin Facebook sun ƙera wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, ta doke ƙwararrun 'yan foka a teburin mutum shida, har burga ta iya. Ban yi mamaki ba. Ita ba ta da kunnuwa.

Daga nan sai Alƙali. Kowace majalisa da tata dokar. Ana tare 2 da 2 ko ba a yi? Ana gamawa da 20 ko da 14? Wanda ya manta bai ce las kad ba, nawa zai ɗauka? Duk wannan sai yadda aka yarda kafin a fara, kuma ba a taɓa yarda kafin a fara ba. Nan Alƙali yake cin abinci. In 2 tana hannunsa, ana tarewa, "ai ko'ina haka ake yi". In tana hannun wani, "Haba ɗan'uwa, a ina ka taɓa ganin an tare? Je ka Zariya ka tambaya." Zariya ce kotun ɗaukaka ƙararsa, in ta ƙi sai Kaduna, in an matsa masa ya ce a Legas da idonsa ya gani. Ba wanda zai tashi da sha ɗayan dare ya tafi Sabon Garin Zariya don ya tabbatar. Kunnensa ma zaɓe yake yi: in kai ka ce las kad, bai ji ba, in shi ya manta, ai ya faɗa, hayaniyarku ce ta hana ku ji.

Zuwa nan duk cikin wasa ne. Mai burga ba ya taɓa kati, tunaninka yake juyawa. Wanda ya taɓa katin kansa ya tashi daga burga ya shiga sata, kuma shi ma muna da shi. Shi ne mai zuwa majalisa da riga mai faɗin hannu ko da ana zafi. Ya iya manna kati biyu ya sake su a matsayin ɗaya. Ya iya zame kafet 13 ƙarƙashin cinya. Ya iya cire hula ya sosa kai ya mayar, nauyin hannunsa ya ragu da 14. Alamarsa ita ce ba ya son tashi. Ko kunama ce ta bi ta tabarma kowa ya watse, shi yana zaune yana cewa a kwantar da hankali. Da wani ya ce bari a ƙirga katin nan, shi ne farkon mai fushi, "Wa kuke zargi?", alhali ba a ambaci kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ƙirgar ba wuya: bol 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, sita 7, wot 5. In an samu 53, a ce kowa ya miƙe ya karkaɗe riga. Sai dai a yi hattara da Sabon Shiga, wanda jiya ya koyi wasa, yau ya zama ɗan sanda. Zai baje katin ya ga babu mai lamba 6, babu mai 9, ya tashi tsaye ya ce sai an fito da su. Tun daga kamfani babu su. Akan bar shi ya ɗan yi bincikensa, saboda irin wannan nishaɗi ba kullum ake samu ba.

Tsakanin mai burga da ɓarawo akwai Mai Karta, wanda har yau ba a san gefen da za a sa shi ba. Shi ya sayi kwalin, tun wace shekara oho, kuma ya ƙi sakewa. Kowane kati ya sha duniya: sita 7 ta rasa kunne, 14 ta bol ta taɓa faɗawa shayi, ɗaya daga cikin wot ɗin tana da ɗigon manja a baya. Shi kaɗai ya haddace waɗannan tabo. Ba ya leƙen hannun kowa, bayan katin kawai yake kallo, ya san abin da kake riƙe da shi fiye da kai. Ka kawo sabon kwali kyauta, zai ce sabo santsi gare shi, ba ya rabuwa da kyau. Kuma shi ne mutum ɗaya da ba a so a cinye da yawa, don in ransa ya ɓaci sai ya tattara kayansa ya ɗaure da roba ya ce, "Dama ni barci nake ji." Majalisa ta watse ke nan. Saboda haka akwai yarjejeniyar da ba a faɗi da baki: lokaci-lokaci a bar shi ya ci.

Akwai kuma wanda bai zo don ya ci ba. Mai Riƙo ya zo ne don mutum ɗaya, galibi taubashinsa, wanda ya sa shi ɗaukar uku a daren Talatar da ta wuce. Zai nemi wuri ya zauna dab kafin shi, ya tara 2 da 5 da 8 ya yi ta ajiya, ya bar damar cinyewa ta wuce shi, yana jiran lokacin da wancan zai ce las kad. A nan zai fara sauke masa su zagaye bayan zagaye, yana ƙirga masa da baki: "Ɗauki biyu, ɗan kawu. Ƙara uku. To, huta kuma." Shi ne zai tashi da kaya mafi nauyi, a fitar da shi, ya tafi gida yana murmushi.

Mafi hatsari ga mai burga ma ba ya cikin wasan. A tsaye yake, ya goya hannu a baya, yana zagaya tabarma yana kallon hannun kowa. Kwamanda ke nan. In ka ce ya zauna, ya ce shi ya daina karta tuntuni, wasan yara ne. Ba ya faɗin komai, "hmm" kawai yake cewa. Amma "hmm" ɗinsa iri-iri ce, akwai ta 20, akwai ta tarkace, kuma majalisa ta iya fassara duka. Ka gama shirya burgarka tsaf, ka ɗaga kati sama, sai ka ji daga bayanka an ce, "Kai! Da wannan?" Shi ke nan, an gama da kai. In an cinye ka kuma shi ne mai sharhi: "Ai tun can ka ɓata, da angul ka sa." Sau ɗaya a shekara akan lallaɓa shi ya zauna. Ba ya wuce zagayen farko, kuma laifin fitila ne. Mai shayi ma yana ganin hannun kowa, amma shi bakinsa alaikum. Duk wanda ke tabarmar yana cikin littafin bashinsa, ba zai ɓata da kowa ba.

Lokacin rake yakan kawo baƙo, baƙo kuwa shi ne rabon Sarkin Burga, don shi kaɗai ne bai san shi ba. Ƙasar Makarfi ta yi suna da rake, fatake suna zuwa daga nesa su saya, wani ya kwana yana jiran a gama lodi. In Allah ya sa Bakano ne, to an samu nama, domin tsakanin Bazazzagi da Bakano wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi. Za a matsa masa wuri: "Zauna nan, Alhaji, mu ga ko Kanawa sun iya wani abu ban da ciniki." Shi kuma ya ce ai bai iya ba, sai dai a koya masa, ya riƙe kati a karkace, ya tambayi wanne ne kafet. Sarkin Burga ya gyara zama, ya ɗaga kati saitin kunne, ya fara rantsuwar nan tasa. Abin da ya manta shi ne, mutumin nan da burga yake ci da iyalinsa. Da safiyar ranar ya tsaya bakin gona, ya dubi rake mai kauri da tsawo ya ce ai duk ya bushe, ya taya rabin kuɗi, ya juya ya kama hanya har sai da aka kira shi, alhali motarsa tana bakin titi kuma ba zai iya komawa da ita wayam ba. Wanda ya iya wannan, kati ɗaya a sama ba zai razana shi ba. Ya cinye gem uku a jere, ya ce dace ne kawai, ya saya wa kowa shayi. Gobe zai fanshe a kan farashin rake.

Kada in manta da Gem-ɗaya. Maganin sauro aka aiko shi saye, ledar tana hannunsa. "A'a, ba zama zan yi ba, gem ɗaya kawai." Bai cire takalmi ba, a gefen tabarma ya tsuguna. A gem na huɗu takalmi ya fita. A na bakwai yaro ya zo: "Baba, wai ka zo." "Ce ina zuwa." Yaro ya sake dawowa: "Wai in ba za ka zo ba ka ba ni saƙon." Ya miƙa leda bai ko ɗaga ido ba. Babbar burgarsa ba a tabarma yake yin ta ba, sai ya isa ƙofar gida, inda zai yi bayanin wani taron unguwa ne ya tsare shi. A can kuma ba a taɓa saya ba.

Duk waɗannan ana zama da su, in babu ɗaya ma sai a ji giɓinsa. Akwai dai guda da ban sa shi cikin abin dariya ba. Shi ne mai matsowa a hankali ya ce, "Wasa ba komai a ƙasa ai ba ya armashi. A sa ko naira ɗari-ɗari mana." Wani lokacin ba da kuɗi yake farawa ba, da "wanda aka cinye ya sayi shayi" yake farawa. Ba banza ba dattawa da malamai suke kallon karta a kaikaice. Caca haramun ce da nassin Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida tare da giya aka ambace ta, kuma ko wasan da babu kuɗi malamai da yawa ba sa son sa, balle in ya cinye lokacin salla ko ya kai ga rantsuwa a kan ƙarya.

Da kuɗi ya sauka a tabarma, duk mutanen nan sai su ɓace. Sarkin Burga ya daina ihu, don yanzu ihun yana da farashi. Fuska-ta-faɗa ya daina zuwa, bayan ya gane shi kowa ke tatsa. Kukan Mai Kuka ya zama na gaske. Ba wanda ke dariya in an samu kati ƙarƙashin cinya, wuyan riga ake kamawa. Taubasai su daina gaisawa. Tabarmar ta bar gaban mai shayi ta koma wani kango inda ba a son fitila mai haske, mutum ya sayar da raken shekara guda da rana, ya wayi gari ba shi da kuɗin taki. Yanzu ma ba sai an je kango ba, cacar ƙwallo ta shiga wayar hannu ta bi samari har ɗaka.

Saboda haka, mai karatu, in an matsa maka wuri ka zauna, ka dai tambayi doka kafin a raba, ka kuma ce las kad da ƙarfi har mai shayi ya ji. Amma da ka ji an ce a sa wani abu a ƙasa, ka biya kuɗin shayinka, ka yi musu sai da safe.